Disket Mai Ƙamshin Turare

Yamai, 4 ga Maris 1998

Ƙanena Ashiru,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Na ji darektan porjen, wato ma'aikatar da kake ma aiki, ya ce in ka yi musu shafin intanet kafin ƙarshen wata za su riƙe ka, in ba haka ba su sallame ka. Kwantar da hankalinka. Ga disket, ɗan faifan kwamfuta, na ba direban Maraɗi. Editar ce a ciki, wato abin da ake rubuta shafin da shi. Ka kwafe ta cikin ordinatar ofis, wato kwamfutarku, ka kunna launuka, duk inda ka manta rufe alama za ta nuna maka. Na san ka da mantuwa, ko ƙofar ɗaki ba ka rufewa. Kada zafi ya taɓa disket ɗin.

Yayanka,
Sa'idu

Madarounfa, 19 ga Maris

Yaya Sa'idu,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Saƙo ya iso ina garin Gabi wurin aiki, Inna ta karɓa. Ka san halinta da duk abin da ya fito hannunka. Ta naɗe shi cikin kallabi, ta ɗora bisa kaskon turaren wuta kamar rigar Sallah. Da na dawo ta miƙo mini tana murna, yana ta ƙamshi, ya lanƙwashe. Ordinatar ta ƙi karanta shi.

Na gwada rubutawa haka nan, ba launi ba jagora. Shafin ya fito a hargitse, na rasa inda na kuskure. Darekta ya duba, ya tafi abinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya, amma na ce wa Inna saƙon ya yi aiki. Kada ka gaya mata. In da hali, aiko wani.

Ƙanenka,
Ashiru

Madarounfa, 9 ga Afrilu

Ɗana Sa'idu,

Ina gaishe ka. Maƙwabciyarmu Bushira ke rubuta mini. Sun sallami Ashiru, shekaranjiya ya bi motar garin Ɗan Issa zuwa Najeriya neman aiki. Gidan ya yi mini girma.

Saƙonka na biyu ya iso yau. Direban ya ce kada a kai shi kusa da wuta, sai na gane. Yana nan ƙasan gado, wurin sanyi, har Ashiru ya dawo. Wannan ban turara shi ba.

Allah shi yi muku albarka.
Innarku