Kazar da Ka Daina Kawowa Gida

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba, amma ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Gida lafiya. Inna na fama da gwiwa, gero ya yi kyau a gonarka ta Garagumsa. Jikanka Habu ne ya tayar mana da hankali ranar Juma'a. Babansa ya sayo masa burodi da nama an shafa mutardi, wannan abin rawaya mai ɗan yaji na Turawa. Bai gama ci ba leɓɓansa suka kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi na fita da ƙyar. Muka ruga gidan likita, aka yi masa allura, Allah ya sa da sauran kwana. Daga baya lokotoro, wato likitan, ya gwada shi, ya ce jikinsa ne ba ya karɓar mutardi, ko ɗan kaɗan na iya kashe shi.

Baba, tun daga nan ban daina tunanin ƙanena Sani ba. Haka fuskarsa ta yi ranar da ya rasu, da idona na gani. Lokacin kana kuku a otel, kuma ranar ce ka kawo mana ragowar kaza da wannan abin rawaya a jikinta. Unguwa ta ce maƙwabciyarmu Ya Falmata ce ta kama kurwarsa, don ta ba shi dabino da safe. Yara suka riƙa jifanta, aka daina sayen ƙosanta, ta kwashe kayanta ta koma Tirmini.

Kai ba ka ce ita ce ba. Amma ba ka ce ba ita ba ce.

Me ya sa daga ranar ba ka sake shigo da kazar otel gida ba? Me ya sa ka mare ni da ka gan ni da burodi mai mutardi, kai da ba ka taɓa dukana ba? Ka gane ne, ka ji tsoron a ce kai ne? Na tambayi Inna, sai ta tashi ta hau alwala alhali lokacin salla bai yi ba.

Wataƙila zargin banza nake yi, Allah ya yafe mini. An ce Ya Falmata na nan da rai, idonta ya mutu. Gobe zan shiga mota zuwa Tirmini, ni da Habu. In ta tambaye ni ko ka sani, me zan ce mata?

Allah ya yi maka rahama, ya sassauta maka tambaya.

Ƴarka,
Hadiza