Ƙorafi Kan Wasan "Makirufo Ɗaya" Da Ya Raba Mini 'Ya'ya

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Tace Shirye-shirye, Gidan Talabijin
Daga: Kafinta, shago na uku, layin bayan tashar mota
Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Wasan "Makirufo Ɗaya" da kuka ce ya dace da 'yan shekara sha uku zuwa sama

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. A aji huɗu na bar makaranta, a yi haƙuri da rubutuna. Amma na iya gane katakon da gara ta ci, ko an shafe shi da fenti. Ina da 'ya'ya maza biyu, Babba mai shekara sha shida da Auta mai sha huɗu. Ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya, tare suke taya ni aiki bayan makaranta. Haka muke har ranar 3 ga Maris da kuka fara nuna wasan wa da ƙane mawaƙa masu gaba da juna. Ga kukana:

1. A kashi na huɗu wan ya sace waƙar ƙanensa. Kwana biyu da wannan, Babba ya rera wata waƙa a gaban abokansa, Auta ya rantse shi ya ƙirƙire ta. Ranka ya daɗe, na ji waƙar da kunnena. Ko ƙarar ƙofar shagona da ba ta ga mai ba ta fi ta daɗi. A kan wannan abin ake gaba a gidana.

2. A kashi na tara ƙanen ya tsinke tsirkiyar jitar wansa. Mu ba mu da jita, sai Auta ya ɗura gam ɗin katako a 'yar lasifikar Babba. Gam ɗina ne kuwa, mai kyau. Har yau ba ta ce uffan ba.

3. Ranar 20 ga Afrilu suka ɗauki alli na aiki suka ja layi a tsakiyar ɗaki, kamar yadda aka yi a wasanku. Ƙofa ta faɗa yankin Auta. Babba ta taga yake fita. Uwarsu yanzu kwano biyu take zuba abinci, tana zubawa tana share ido da gefen zane.

4. A sana'armu, in za a ɗaga kabad, na gaba yakan ba da murya, na baya ya amsa, sannan a ɗaga tare. Ranar 28 ga Mayu na sa su sauke kabad daga bene. Tunda ba sa magana, kowa ya ɗaga lokacin da ya ga dama. A babban yatsan ƙafata ya sauka. Farcen ya fita, ina ajiye da shi in ana buƙatar shaida.

Ina son sanin wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya ce wannan ya dace da matasa. Yana da 'ya'ya? Suna gaisawa?

Na yi faɗa, na ɓoye rimot, suka koma kallo a gidajen abokai, kowa da nasa gidan. Maganata ba ta shiga, taku ce ke shiga. Na kalli kashi sha tara cif, don bincike kawai, kuma ban ga inda uban mawaƙan ya tsawata ba. Kullum yana kan kujera yana girgiza kai. Kujerar ma ƙafarta ɗaya ta gurɗe.

Saboda haka ba na roƙon a dakatar da wasan. In kuka tsayar da shi a nan, a nan 'ya'yana za su tsaya. An ce saura kashi uku. Ina roƙon ofishinka mai daraja ya umarci masu shirin su sa wan ya je wurin ƙanensa ya ba shi haƙuri, a goge layin, su ci abinci kwano ɗaya, a nuna a fili yadda ko kurma zai gane. Yarana ba su taɓa tsallake abu ɗaya da kuka nuna ba, wannan ma za su kwaikwaya.

Kada a bari wani ya mutu a ƙarshe, don Allah. Shagona cike yake da zarto da kurfi.

Ka huta lafiya, tare da ladabi da biyayya.

Naka mai ɗingishi,
Kafinta, uban Babba da Auta