Ƙofa Ɗaya Baba Yake Ƙwanƙwasawa

Dangamvura, Mutare
Lahadi, bayan tashi daga coci

Zuwa ga Gwaggo Maidei,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Kafin komai ina roƙon ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali ba ki nema ba, ba kuma wani babba ne ya sa ni ba. Ni ce Vimbiso, 'yar ƙaninki Tapfuma. Rabonki da ni tun jana'izar Kaka, ina 'yar firamare, ranar da kika durƙusa kika ɗaure mini igiyar takalmi. Yanzu ina aji huɗu na sakandare. Maman Rudo ta cocinmu ce za ta kawo miki wannan takarda idan ta koma Leeds, can ƙasar Turawa inda kike. Ina fatan za ta same ki lafiya, ke da ɗanki, yaya Kudzai. Allah ya ƙara miki ƙarfi a kan tsofaffin da kike kula da su, ya tsare ki daga sanyin ƙasar can.

Mu nan muna godiya ga Allah. Mama tana nan da rumfarta ta tumatir a kasuwar Sakubva. Ƙanina Anesu ya shiga aji shida, ya kusa kamo ni tsawo. Itacen piyar da kika dasa a bayan gida ya yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye. Sai dai Baba ba shi da lafiya, ban kuma sani ba ko labari ya iso miki. A watan Afrilu ya faɗi a cikin aji yana rubutu a allo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Hankalinsa yana nan daram, yana jin komai, yana gane komai, har dariya yakan yi da rabin baki. Amma hannun da yake rubutu da shi yanzu sai an ɗaga an ɗora masa a cinya.

Gwaggo, zan ambaci abin da na san ba kya son ji, wato littafin Baba. Ina bayan ɗakin girki ranar da kika ce masa yana so ya sayar wa Turawa matattunmu. Ban gane ba a lokacin. Yanzu na karanta littafin, domin ni nake buga masa gyare-gyare a shagon kwamfuta. Labarin yarintarku ne lokacin yaƙin neman 'yanci, a ƙauyen da sojoji suka kewaye da waya, da labarin yayanku Tongai wanda ya fita bai dawo ba. Ni ƙarama ce, ba ni da bakin cewa wa ya yi daidai. Abin da na sani kawai, ban ga inda ya rubuta sunanki ba tare da girmamawa ba.

Manyan kamfanonin buga littafi na can ba sa karɓar rubutu daga hannun marubuci kai tsaye. Sai ya sami wakili, mai shiga tsakaninsa da su. Marubuci yakan aika wa wakilin gajeriyar takarda da babi uku na farko. In sun burge shi ya nemi sauran, in sauran sun burge shi ya kira ka a waya ku ji muryar juna, sannan ya ce ya ɗauke ka. Kowa ya gaya wa Baba cewa wakilai da yawa ake aika wa a lokaci guda. Ya ƙi. Ya ce shi a wurinsa wannan neman aure ne, kuma ɗan mutunci ba ya tura ɗan aike gida biyu rana ɗaya. Sai ya aika wa mutum ɗaya, ya zauna jira. Su kuwa a shafukansu sukan rubuta cewa in 'yan watanni sun wuce ba ka ji komai ba, ka ɗauka an ƙi. Baba ya ce bai yarda ba, wanda bai amsa sallama ba bai ji ba ne. Akwai wakilin da Baba ya jira fiye da shekara. Kowace Juma'a bayan makaranta sai mu bi ta shagon kwamfuta, ya buɗe akwatin saƙonsa, ya duba, ya rufe, ya saya mini dafaffiyar masara mu hau mota. A haka na girma.

Kin san bakin Baba Gondo, abokin wasansa. Yakan tsaya tun daga bakin ƙofa ya ce, "Malam ango! Budurwar nan da kake jira ta haifi uku a gidan wani, kai kana nan kana goge takalmi!" Baba kuma ya ce masa ai shi da ya tura gida huɗu rana ɗaya, ga shi ya ƙare da wadda take kulle shi a waje in ya yi dare. Su yi ta dariya har Mama ta kore su gindin piya. Yanzu ma kullum sai Baba Gondo ya zo ya yi tsokanarsa, ya ɗan dakata daidai inda amsa take zuwa, sannan ya ci gaba shi kaɗai.

A farkon shekarar nan wata wakiliya a London, Misis Harlow, ta nemi littafin gaba ɗaya. Baba da hannunsa ya aika mata. Amsarta ba ta zo ba sai a watan Yuli, yana kwance. Ta ce ta karanta, tana so su yi magana. Da na karanta masa saƙon sai ya sa na maimaita, ya sake sa ni na maimaita. Baba Gondo ya ce abu mai sauƙi, in matar ta kira a kashe hoton bidiyo a miƙo masa wayar, shi ya yi magana a matsayin Baba. "Baturiya ta san muryar Tapfuma ne? Ai Turancina ya fi nasa santsi, nawa a mashaya na koya!" Baba ya buga hannunsa mai lafiya a tebur har shayi ya zube. Mama ta ce ba za a yi ƙarya ba, amma kuma kada a rubuta mata labarin ciwon, a bari ta gan shi da idonta, domin ƙin mutum a takarda ba shi da wuya.

Ranar kiran Mama ta sa masa kwat ɗinsa na zuwa coci, ta ɗaura masa nektayi. Muka jingina wayar da gwangwanin sukari. Matar ta fito, dattijuwa ce mai tabarau, ta yi ta yabon littafin, har ta karanto wurin da Kaka take ɓoye tuwon masara a cikin goyo don ta wuce sojojin ƙofa. Baba yana gyaɗa kai. Sai ta tambaye shi me yake rubutawa yanzu. Gwaggo, ya buɗe baki. Ya yi ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, amma abin da ya fito ba magana ba ce. Dole na matso na gaya mata gaskiya da Turancin da na yi ta haddacewa tun safe, rabinsa ma ya gudu. Ta cire tabarau. Daga baya ta ce ba za ta ɓoye mana ba, ita marubuci take ɗauka don doguwar tafiya, da littattafan da zai rubuta nan gaba. Duk da haka ba ta so ta saki wannan, in har za a cike gurbi ɗaya da ke tsakiyarsa.

Gurbin shi ne ranar da yayanku Tongai ya tafi. A littafin, Baba yaro ne yana tsaye a bakin wayar da ta kewaye ƙauyen, ya ga kin raka shi gona da kwanon abinci, da yamma kika dawo ke kaɗai. Abin da ya rubuta kawai shi ne, "Yayata ta dawo, ban tambaye ta ba." Nan babin ya ƙare. Misis Harlow ta ce duk littafin wajen ranar nan yake tafiya, kuma ba kamfanin da zai saye shi in aka bar mai karatu yana tsaye a bakin waya. Ta ce marubuta sukan ƙirƙiri irin wannan, za ta iya samo wanda zai taimaka. Baba ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna hotonki da ke saman kabad, na ranar da kika gama makarantar jinya. Sannan ya kira sunanki. Bai fita sosai ba, amma ba wanda bai gane ba a ɗakin. Baba Gondo ya tashi ya fita, wai hayaƙi ya shiga idonsa, alhali ba a hura wuta ba.

Ta ce za ta jira zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan nan wasu ayyukan za su sha kanta. Ta ce in kin yarda za ta zo Leeds da kanta, ko ku yi magana a waya, kuma ba za a buga kalma ɗaya taki ba sai kin gani kin amince. Mama ta roƙi Baba a aika wa wasu wakilan, ko akwai mai karɓa a yadda yake. Ya juya fuska bango. Har yanzu ƙofa ɗaya yake ƙwanƙwasawa, kuma wannan karon taki ce. Ni ban nemi in san abin da ya faru a gonar ba. Na san wataƙila nauyinsa ya fi ƙarfin faɗa, kuma naki ne, ba na kowa ba. Shekara da shekaru yana da alƙalami a hannu, yana iya sa miki magana a baki, bai yi ba.

Mama tana gaishe ki, haka Anesu. Kawu Shingai na Rusape da iyalinsa suna lafiya. Baba Gondo ya ce in gaya miki har yanzu yana jiran rigar sanyin da kika yi masa alkawari yana saurayi. A gaishe mini da yaya Kudzai. Baba bai san na rubuto ba. Na ji tsoron in gaya masa, domin na san irin jiran da zai yi.

Abu ɗaya nake roƙo, Gwaggo. Idan a'a ce, ki faɗa, zan kai masa da bakina, kuma zai karɓa. Kada dai ki yi mana shiru, Baba bai iya jin shiru ba. Kuma ko me kika yanke game da littafin, ko za ki ba ni izini in sake rubuto miki? Ba zan ƙara ambatarsa ba in ba kya so. Zan riƙa gaya miki yadda ƙaninki ya kwana ne kawai.

'Yarki mai biyayya,
Vimbiso