Waya Ba Ta Da Leɓe

Zuwa ga ƙanena Auta,

"Yaya, in Allah ya kai ni inda ake jin maganata, babu mai irin ciwon Inna da zai ƙara wuni yana kallon bango ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa." Ka gane mai maganar? Kai ne. A bakin gadon mahaifiyarmu ka faɗe ta, kana riƙe da hannunta da ya shanye, ko gashi ɗaya babu a haɓarka. Ka maimaita ta ranar da aka naɗa ka shugaban shiyya na ƙungiyar taimakon masu shanyewar ɓarin jiki, ina layin gaba ina tafi har hannuna ya yi zafi.

Na sa ta gaba da gaisuwa don ta girme ta. Yanzu kuma, assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya maiɗakinka da 'ya'yana? Ina fata tarin ƙaramar ya sake ta. Mu nan da sauƙi, irin sauƙin da ofishinka ke so a ce.

Ba sai na gaya maka wane ne mijina ba. Mutumin da ya cinye ƙuruciyarsa yana tafinta a kotu, yana ɗauko magana daga bakin wanda ba a fahimta ya miƙa wa alƙali, har sunan Tafinta ya binne na yankansa. Bara ciwon nan ya same shi a bakin famfo, ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da harshensa kaf. Duk abin da aka faɗa yana ji, yana ganewa. Amsar ce take zuwa bakin ƙofa ta tsaya.

Wadda ta fara buɗe ƙofar ma'aikaciyarku ce, wadda muke kira Mai Madubi. Duk mako takan zo da madubi a jaka, ta ja kujera kusa da shi, su biyu suna kallon bakunansu a ciki. Ta haɗe leɓe, ya haɗe. Ta buɗe, ya buɗe. In harafi ya ƙi, ta ɗora yatsunsa a maƙogwaronta ya ji yadda sauti ke motsi. Da haka ya samo "to", ya samo "zo", ya samo "ruwa". Ka san tun aurenmu Alƙali yake kirana, wai ni ke yanke hukunci a gidan nan ba a ɗaukaka ƙara. To sun fara aikin wannan sunan. Ya kai rabinsa, Auta. Ina daga ɗakin girki na ji, na saki ludayi.

Sai ga ta watan jiya ta zo sallama. An soke ziyarar gida a duk shiyyar, an mai da ita kiran waya. Ta bar mana madubin ta fita da sauri don kada mu ga idonta.

Na yi shekaru ina koyar da adabi, na karanta labaran wawaye iri iri, na ɗauka marubuta ƙari suke yi. Ban taɓa cin karo da wanda ya aika wa mai ciwon rashin magana wayar tarho ba sai a zamaninka.

Bari in ba ka labarin kiran. Wata yarinya ce mai murya kamar zuma, ba ni da abin faɗa a kanta, aikin da aka sa ta take yi. Ta ce dole da majinyacin za ta yi magana, ba da ni ba. Na kanga masa wayar a kunne. Ta tambaye shi ko yana shan magani, ya ce to. Ko yana samun sauƙi, ya ce to. Ko ya gamsu da sabon tsari, ya ce to. Da ta tambaye shi ko ya yarda a sayar da gidan nan da ni a ciki, to ɗin zai ce, don ita ce kalmar da ke fita ba gardama. Ta yi godiya ta ajiye. Na tabbata yanzu haka mijina yana cikin waɗanda kuke alfahari da gamsuwarsu.

Na gwada madubin da kaina. Ban iya ba. Ina da gaggawa, ka sani, kuma namiji kan jure kuskure gaban baƙuwa, gaban matarsa sai ya zaɓi shiru. Shekaranjiya na shigo na tarar ya ja kujerarsa da ƙafarsa mai lafiya, ya juya ta. Bango yake kallo. Na tsaya riƙe da kofin ruwa, Inna nake gani.

Ka dawo da ziyara ga waɗanda ba sa iya magana. Masu baki ka bar su da wayarku, wataƙila ma ta yi musu amfani. Iyakar roƙona ke nan.

Ka gaida gida. Allah ya tsare.

Yayarka.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ina gajarta gaisuwar don ka riga ni gajartawa.

Amsarka ta iso, in amsarka ce. An buga ta da na'ura, an kira ni "mai kula da majinyaci", an gode mini da "wannan muhimmiyar shawara". Ni da na goya ka har zanina ya tsufa a kanka, yau na zama mai shawara. Ka gaya wa sakatarenka ya iya rubutu, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma ma'ana ko ɗaya.

An ce a ciki wai da waya kuna kaiwa ga mutane da yawa fiye da da. Na yarda. Mai yayyafa ruwa da tsintsiya ma yana taɓa shuka da yawa, sai dai babu wadda ke sha.

Abin da ya sa na zauna na yi dariya ni kaɗai shi ne shafi na biyu. Kuna gayyatar Tafinta babban taronku na shekara, gaban masu ba ku tallafi da manyanku na hedikwata, a matsayin misalin nasarar ƙungiya. Za a ba shi kujera a gaba, a ɗauke shi hoto, a ba ni ɗan lokaci in yi godiya a lasifika. Wato kun sare bishiyar kuna neman inuwarta ranar biki.

Na karanta masa gayyatar. Ya daɗe yana kallona, sannan rabin bakinsa mai motsi ya yi wannan murmushin da yake yi a da in lauya ya faɗa ramin da ya haƙa da kansa. Ban amsa muku ba tukuna.

"Ruwa" ta fara ɓace masa. Jiya nuni ya yi da hannu.

Wadda ta goya ka.

*

Zuwa ga Autan Inna,

Assalamu alaikum. Yaya jikinka? Wannan karon ba gaisuwar al'ada nake yi ba, tambaya ce, kuma ina son amsa.

Maiɗakinka ta zo mini. Kada ka yi mata faɗa, ni na matse ta, ka san kuma ba a fita hannuna da sauran magana a ciki. Ta ce umarnin daga hedikwata ya zo, cewa ko dai yawan mutanen da kuke kaiwa gare su ya ƙaru, ko a haɗe shiyyarka da wata a sallami ma'aikatanka. Ta ce ka yi gardama har muryarka ta dushe, daga baya ka sa hannu. Ta ce wasiƙata ta farko tana aljihun rigarka, ka kasa amsa ta da hannunka shi ya sa ka bar wa sakatare amsar. Ta kuma gaya mini abin da ka ɓoye: jininka ya hau, a mota kake haɗiyar magani don kada a gani a ofis, kuma sau da yawa kana mantawa.

Na yi kuka bayan ta tafi, ba zan ɓoye maka ba. Ciwon da ya kwantar da Inna ba baƙo ba ne a gidanmu, ya san hanya. Na kwana biyu ina ganinka a kujerar Tafinta, bakinka a karkace, wata yarinya mai daɗin murya tana tambayarka ko ka gamsu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Fushina da kai yana nan, amma tsorona a kanka ya fi shi girma.

Sai dai tausayi bai canza lissafin ba. Ka yi gardama a ɗakin taro da takardu, su kuma takardu sun fi ka yawa. Manyanka ba mugaye ba ne, ba su taɓa zama kusa da mutumin da kalma ta maƙale masa ba ne kawai. An ba su labari, ba su gani ba, gani kuwa ya kori ji. Kai ka gani. Kai ne ka riƙa goge wa Inna baki da gefen rigarka. A duk teburin nan kai kaɗai ka san cewa ana koyon magana da ido ne kafin kunne, kuma waya ba ta da leɓe.

Ga abin da na yanke, tunda Alƙali aka ce da ni. Daga yau zuwa Jumma'ar ƙarshe kafin taronku, ina son abu biyu. Ka zo gidan nan da ƙafarka, ba direba, ba sakatare, ka zauna gefen Tafinta ku kalli madubi tare. Sannan Mai Madubi ta koma bakin ziyararta, gidanmu da gidajen sauran da ba sa iya magana. Yadda za ka shawo kan hedikwata aikinka ne, don shi aka ba ka kujerar.

In Jumma'ar ta wuce shiru, za mu amsa gayyatarku. Zan sa masa babbar rigarsa ta zuwa kotu. In aka miƙo mini lasifika ba zan zagi kowa ba, ba zan ma ambaci sunanka ba. Zan kira lambar nan taku da aka kira mu da ita, in buɗe muryar wayar kowa ya ji, in kanga wa Tafinta, in koma gefe. Yarinyar ta yi tambayoyinta, shi ya ba da amsarsa, manyanka su saurara har ƙarshe.

Kada ka ce zan tozarta mijina. Na tambaye shi, ba kuma da baki kaɗai ba, don na san abin da bakinsa zai ce. Na ajiye rigar a hannun hagunsa, na ce in bai yarda ba ya ture ta. Ya jawo ta ya ɗora a cinya, ya nuna mini hula. Mutumin ya yi rayuwarsa yana isar da maganar waɗanda ba a fahimta, yana son ya yi aikinsa sau ɗaya kuma.

Na fi son ka zo, Auta. Wallahi na fi son ka zo. Ka taho da maganinka, a gabana za ka sha. Ƙofar a buɗe take, amma ka ƙwanƙwasa, yana son jin ƙarar.

Ka gaida maiɗakinka, ka ce na gode. Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka,
Alƙalin gidan Tafinta.