Hannun da Ya Saba Dandaƙa

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Sallah ta wuce da mako guda ban je Gumel ba. Na ce wa Shamsiyya hanya ba lafiya. Rabin gaskiya ne. Shekara goma sha ɗaya ina malamin dabbobi a Kontagora, hanya ba ta taɓa hana ni ganin matata ba sai bara da bana. Abin da ke hana ni a jikina yake. In na je, in kwanta in juya mata baya kamar gungume. Gara nisa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ta kira. "Baban Bashiru, in ka gaji da ni ka faɗa. In Babbar Sallah ta zo ba ka zo ba, zan koma gidanmu, ba da faɗa ba." Ko murya ba ta ɗaga ba. Da zagi ne da ya fi mini sauƙi. Kuma tana da gaskiya, abin haushin ke nan.

Laraba, 16 ga Afrilu

Galan na uku na jiƙon mai maganin bakin tasha. Da ya ce basir ne, yanzu ya ce sanyi. Ban da gudawa ba abin da na samu. Kasala tana nan, sha'awa babu, nauyin da nake ji a gefen hagu na maraina in na daɗe a tsaye yana nan. Na zubar da sauran a bayan ɗaki.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Asibiti. Na zaga ta ƙofar baya don kada in haɗu da idon sani. Likitan Bayarabe ne, Dakta Abdulwasiu, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan garin. Ya sa na tsaya, na sauke wando, ya ce in yi nishi. Ni da nake kama maraina bijimai kullum, yau ni aka kama. Silin na yi ta kallo.

Ya ce jijiyoyin jini ne suka kumbura a gefen hagu, jini yana taruwa yana dumama wurin. Sunansa barikosil. Gobe da safe gwajin jini.

Litinin, 28 ga Afrilu

Sakamako ya fito. Sinadarin mazakuta, testosteron, ya yi ƙasa. Ya ce akwai allura, amma tana iya tsayar da haihuwa, ga shi ɗanmu ɗaya tal. Akwai kuma tiyata: a ɗan tsaga matsematsi a ɗaure jijiyoyin. Wasu sinadarin nasu yana tashi bayan watanni, wasu a'a, ba zai yi mini alkawari ba.

Daga "a ɗaure jijiyoyin" ban ƙara jin komai ba. Na san wannan aikin. Shi nake yi. In na sa awartaki na danne jijiyar bijimi, mako shida maraina sun tsotse, sa ya zama salihi, yaro ma ya ja shi gona. Ni za a yi wa daɗin baki? Na ce zan yi shawara. Ko takardar ban ɗauka ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutu. Ban fita ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Ƙauyen Kumbashi, dandaƙar shanun huɗa, ni da Abel. Abel Badukke ne, ya same ni a aikin nan da shekara biyar, ni na koya masa kayar da sa. Ya je ya yo difloma, yanzu shi ke sa hannu a takardar hutuna. Har gobe abin yana ci mini rai. Amma in faɗi gaskiya, bai taɓa kirana da suna gatsal ba, kuma ya san aiki.

An kayar da na farko, baƙi, mai tozo. Na laluba jijiyar, na kafa awartaki, sai na kasa dannawa. Mai san ya ce, "Malam, ko ka ji tausayinsa ne?" Aka yi dariya. Abel ya karɓa, ya yi duka bakwai ɗin.

A hanyar dawowa ya tsayar da babur gindin wata ɗorawa. "Malam Hussaini, ba za mu tashi nan ba sai ka gaya mini." Na ce ba ruwansa. Ya zauna ya ciro gyaɗa. Taurin kan Dukawa.

Na faɗa. Ban san yadda aka yi ba, na faɗa duka, ina kallon tayar babur.

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki tsinke ya zana layi uku a ƙasa. Wannan mai kai jini, wannan mai kwaso shi, wannan hanyar maniyyi. "Awartakinka duka ukun yake murƙushewa, shi ya sa abin ke mutuwa. In na fahimta, likita masu kwasowar da suka lalace kawai zai ɗaure. Amma ni na shanu na karanta. Koma ka tambaye shi."

Shekara ashirin ina danne abu ban san uku ne a ciki ba. Da hannu na koya, wurin wani tsoho a Gumel. Wannan kunyar ta kusa fin waccan.

Laraba, 7 ga Mayu

Na koma. Na ce, likita, tsakani da Allah, ba dandaƙa ba ce? Ya cire tabarau ya dube ni, ya tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ya ce, "Haba, shi ya sa ka gudu." Ya zana kusan abin da Abel ya zana. Ya ce mai kai jinin ita suke kiyayewa fiye da komai. Na ce in hannu ya kuce fa? Ya ce yana faruwa, amma da wuya, kuma ruwa na iya taruwa a wurin ko kumburin ya dawo. Ya ce, "Kai ba ka taɓa kuskure a sa ba?" Na taɓa. Sau biyu. Da ya ce mini ba a kuskure da ban yarda da shi ba.

Na yarda a yi, amma sai an zo da wani nawa da zai tsaya. Wa nake da shi a garin nan?

Talata, 13 ga Mayu

Abel ya tsaya. Ma'aikaciyar jinya ta ce mene ne shi a wurina, ya ce, "Ƙanensa." Ta dube ni, ta dube shi, ta rubuta.

Laraba, 14 ga Mayu

An yi jiya. Allura a baya, ina jin su suna hirar ƙwallo. Abu na farko da na yi da ƙafafuna suka dawo, na kai hannu na duba. Suna nan. Allah ya yafe mini.

Matar Abel, Alheri, ta kawo kunun gyaɗa. Abel ya gaya mata aikin ƙaba ne aka yi mini. Ban sa shi ba.

Talata, 20 ga Mayu

Ciwo ya ragu. Nauyin ma, ina jin. Sauran kuwa shiru. Likita ya ce wata uku zuwa shida kafin a sake gwaji. Sallah saura kwana goma sha bakwai. Lissafin bai yi ba. Na so in koma mata da abin nunawa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Abel ya ce, "Ni ka iya gaya wa, da ba dangin iya ba na baba, ita ce ba za ka iya ba?" Na ce ya tafi coci ya ƙyale ni.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na kira Shamsiyya bayan la'asar. Na fara da farashin raguna. Sannan na faɗa, a karkace, kamar labarin wani.

Sai ta ce, "Shekara biyu ina sayen turare da kayan gyara, ina zaton ni ce na tsufa." Sannan, "An yanka ka, kuma wata ce ta dama maka kunu?"

Duk tsawon lokacin nan tawa kunyar nake ta lallaɓawa, ban taɓa tunanin na ɗora mata wata ba.

Na ce ban warke ba tukuna, wataƙila ma ba zan warke ba. Ta ce, "Wa ya tambaye ka?" Ta kashe.

Talata, 3 ga Yuni

Na kai takardar hutu. Abel ya sa hannu, ya ƙara kwana uku da ban nema ba. Na bar masa awartakina, ya riƙe kafin in dawo, nasa bakinsa ya saki.

Ba wai na ji wani canji ba ne. Zaman mota ma likita ya ce in riƙa sauka ina miƙe ƙafa. Na dai biya kujerar gaba a motar Gumel, ta gobe da safe. Shamsiyya ta ce in taho da doya.