Tsakanin Anko da Ankwa

Zuwa ga Mai Girma, Mai Martabar Zaure, Ginshiƙin Layinmu, Inuwar Masu Gida da 'Yan Haya, Shugaban Kwamitin Dattawa Mai Duba Batun Sauya Suna, Baba Alhaji Tanimu, wanda in ya yi gyaran murya a nan Sabo sai 'yan okadan can unguwar Mokola su rage gudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙarami ke miƙa wa babba yana durƙushe, ni ne ɗanka Nazifi, jikan Hajiya Kande mai alkaki, injiniyan wayoyin hannu, wanda ma'aikatarsa take a bakin layi, daidai ƙarƙashin allon sunan layin da ake rigima a kansa. Na zaɓi in rubuto a bainar jama'a ne domin duk lokacin da na zo ƙofar gida sai a ce min kana wurin taro.

Na ɗaya, asalin fitinar. Duk wanda ya taso a layin nan “Mai Anko” ya saba karantawa a jikin allo, domin mai fentin Bayarabe ne, abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta. Mu da aka haifa a Ibadan mun ɗauka wani attajirin atamfa ne mai yanka wa mata ankon biki. Har alfahari nake yi wa abokan makaranta cewa layinmu ne hedikwatar kwalliya ta ƙasar Yarabawa baki ɗaya. Ana nan sai bara aka kawo wa kakata ankon bikin wata jikar gidan Alhaji Sule, ta mayar da shi ko kwance ƙullin ba ta yi ba. Da na tambaye ta dalili, ta zaunar da ni ta ce sunan Mai Ankwa ne, kuma kakan Alhaji Sule ne. Ɗan kwangila ne na zamanin Turawa mai tara 'yan dakon goro. Wanda ya gaji ya sauke kaya, ko ya ce zai koma garinsu, sai ya buga masa ankwa ya ɗaure shi a tsakar gida har ya yarda ya sake ɗauka. Mahaifinta yana cikinsu. Ta ce har ya rasu ba ya naɗe hannun riga a gaban mutane sai wurin alwala, a nan ta ga tabon.

Na biyu, halin da ake ciki. Tunda maganar ta fito, layinmu ya tsage gida biyu. Ɓangaren Alhaji Sule suna cewa mai fenti ya riga ya wanke sunan, a bar Anko yadda yake, a bar mamaci da Ubangijinsa. Ɗaya ɓangaren suna cewa ko da ruwan zinare aka rubuta shi, su ankwa suke gani. Mai shayi ya raba bencinsa, kowane ɓangare da nasa, shi kuma yana tsakiya yana zuba madara. Yaran gidan Alhaji Sule sun daina zuwa sayen alkaki, mu ma an kafa mana dokar hana cin wainar gidansu, lamarin da tarihi zai shaida cewa ni na fi kowa cutuwa a kansa. Ranar Juma'ar da ta wuce, daga saukowa masallaci, samari biyu da suka yi makarantar allo tare suka ci kwalar juna a gaban teburina, har wayar wata mata da nake gyarawa ta faɗi ƙasa. Da ba don liman ya biyo ta wajen ba, da yanzu wani labarin ake yi.

Na uku, matsayina, bayan dogon nazari da zurfin tsokaci: a sauya sunan. Ba ni da wata ƙullalliya da Alhaji Sule. Bai taɓa ɗaure kowa ba, kuma shi ya ɗauki mahaifina a motarsa zuwa asibiti lokacin da ciwo ya kayar da shi. Amma Baba, ka duba tsohuwar nan. Duk ranar da ta dawo daga kasuwar Shasha a keke napep, sai ta ambaci sunan wanda ya ɗaure ubanta kafin a kai ta gida. Yanzu ta daina. Cewa take yi, “Ku sauke ni wurin mai waya.” In aka samu direban da bai san ni ba, sai ya wuce da ita, ta tako da ƙafa da kaya a ka. Ina ba da shawarar a kira shi Layin 'Yan Dako. Mamacin yana da kabarinsa da zuriyarsa masu yi masa addu'a, su kuwa waɗanda suka sha ɗaurin ko lungu ba su da shi.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon kwamiti ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Samarin ɓangarenmu sun aro diga, sun rantse ranar da kuka yanke hukunci za su tumɓuke allon da ƙarfensa su kai wa 'yan gwangwan. Samarin gidan Alhaji Sule kuma sun ce mai taɓa ƙarfen nan sai ya fara bi ta kansu. Filin dagar da ɓangarorin biyu suka zaɓa, ranka ya daɗe, shi ne teburina. Abin da babu wanda ya lura da shi cikin manyan masu muhawarar nan shi ne, a jikin wannan ƙarfen nake ɗaure igiyar tamfol ɗina. Ɗaya bakin yana jikin tagar maƙwabci, wanda da ƙyar ya amince. In aka cire ƙarfen, ma'aikatata ta koma fili, ga damina ta kama, kuma wayar mutane ba ta shiri da ruwan Ibadan.

Bisa ga haka nake miƙa buƙatata cikin ladabi: a cire allon, a bar min ƙarfen. Kusoshi ne kawai suke riƙe da allon, ina da sukudireba, zan kwance shi da hannuna in miƙa wa Alhaji Sule cikin mutunci ya ajiye a gidansa, ba wanda zai ɗaga diga a kan wani. Na shawarci Hajiya Kande, wadda ta fi kowa haƙƙin magana, ko barin ƙarfen zai sosa mata rai. Ta ce a bar shi, ƙarfen gidan Mai Ankwa ya riƙe ubanta a rana, ba laifi in wannan ya riƙe wa jikanta inuwa.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya ba kwamiti ikon yanke hukunci kafin wata Juma'ar, Ya sanyaya zukatan mutanen layinmu, Ya jiƙan 'yan dako, Ya kuma dawo mana da wainar gidan Alhaji Sule.

Wassalam.

Ɗanka mai biyayya,
Nazifi mai waya, bakin layi, Sabo, Ibadan.