Raken da Ba a Saukowa da Shi

Bokwango, Buea

Zuwa ga yayana Ikome,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Nalova da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin Jamus, ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya raya mana su Ngale. Mu nan da sauƙi. Gwazar da ke bayan gidanmu ta yi kyau bana, kuma tun da ruwa ya ɗauke baƙi masu hawa dutsen Fako suke ta zuwa, ƙafata ba ta huta ba. Saƙonka ya iso cewa ka shirya mota ta zo ƙarshen wata ta kai Baba Duwala, gidan ƙanwarmu Limunga, kusa da asibiti. A kan haka na ɗauki biro, don maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ni kaina ban san ta inda zan kamo ta ba.

Tun ranar da Baba ya ji zancen Duwala ya daina cin abinci. Kwakoko, alalen gwazar nan tamu, da miyar kwakwar manja, da ya saba lashe kwanonsa, sai ya kalla ya ture. Yini yake a baranda yana kallon dutsen da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai mutane kansa. Likita kuwa ya riga ya ce zuciyarsa ta gaji, ko tudun coci kada ya hau. Ana nan wata safiya ya kira ni, ya ce ba abin da ransa yake so sai raken kan dutse, in je in kawo masa. Yaya, kai ka fi kowa sanin dokar: raken Efasa Moto ne, dodon nan mai dutsen, ka sha ka ƙoshi a can, amma ko gaɓa ɗaya ba a saukowa da ita. Ka tuna lokacin da ka ɓoye guntu a aljihu, Baba ya ja kunnenka na hagu ya sa ka koma ka mayar? Na tuna masa da haka, ya harare ni ya ce wai ni jagorar dutse ce ko fasto, da zan tsaya ina yi masa wa'azi yana jin yunwa.

Na tafi. Da na sauko da baƙina daga ƙoli, na haɗa su da 'yan dako suka yi gaba, ni kuma na ratse zuwa wurin raken na sari kara ɗaya. Ban yi nisa ba gajimare ya sauko ya rufe ni. Hanyar da nake bi ko da ido a rufe, ranar sai da na rasa gabas da yamma. Har yau ban sani ba ko tsoron mai dutsen ne ko tsohuwar muryar Baba ce a kunnena. Na lallaba na koma inda na saro, na zauna na shanye raken nan ina kuka, na sauko hannu rabbana. Da na iso gari na kasa haɗa ido da shi haka, sai na sayi rake wurin matar bakin tasha, na shafa masa baƙar ƙasa, na kai masa.

Ya karɓa ya fere ya shanye tas, sannan ya ce a kawo kwakoko. Na yi ta godiya ga Allah, ashe ban san na jawo wa kaina ba. Washegari duk wanda ya gifta ƙofar gida sai Baba ya kira shi ya ba shi labari, wai 'yarsa ta sauko masa da raken Fako. Kafin yamma tsofaffin da ba su taka gidanmu ba tun rasuwar Mama sun cika tsakar gida. Mola Esuka, babban dattawan unguwa, ya nuna ni da sandarsa ya ce wai ni 'yar nan kunnena na ado ne, in dutsen ya yi tari ya zubo wuta gonar wa zan biya. Abokan aikina suka ce in huta da kai baƙi tukuna. Dattawa suka zauna a kan tulun bammi, suka yanke cewa wanda ya sha shi ne zai mayar da ɓawon da abin da ya tsotse ya furzar, ya kai har gindin raken ya nemi gafara, wadda ta kawo kuma ita za ta ja gaba. Tun da ba ya iya tafiya, samari za su ɗauke shi a kujera. Baba ya sunkuyar da kai kamar mai nadama, sannan ya sa hannu ƙarƙashin matashinsa ya jawo ƙullin leda. Duk abin da ya furzar yana ciki, bai yar da ko ɗaya ba. A nan kaina ya fara juyawa, don ban taɓa ganin mai ajiye wannan abu ba.

Na ce a raina ramin ƙarya ƙurarre ne, gara in faɗi gaskiya kafin in kashe ubana. Da safe ina gasa masa ƙafa da ruwan zafi, na buɗe baki ke nan ya riga ni. Ya ce wai in zan sake saye in bar na matar bakin tasha, rakenta kamar tauna igiya, kuma ƙasar da na shafa ta bayan kicin ɗinmu ce, har tokar murhu ya gani. Ya ce da na gasken na kawo, da ni da raken zai haɗa ya kora. Wai ya san ba zan sauko da shi ba don shi ya rene ni, ya kuma san ba zan dawo masa hannu wofi ba don uwata ce ta haife ni. Sannan ya daina dariya, ya ce maganar tana bakina: in na so in gaya wa Esuka, sunana ya wanku, mota ta zo ta kwashe shi, ba zai riƙe ni ba.

To Yaya, ka ga inda tsohon nan ya ajiye ni. In na yi magana, zai tafi Duwala, wataƙila ya ƙara shekaru, amma a ɗaki mai zafi yana kallon bango. In na yi shiru, ni da kaina zan ja gaba a kai mai ciwon zuciya inda masu lafiya ma numfashi yake gagararsu. Ban san wanne ne so ba, wanne ne mugunta. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, wani lokaci kuma dariya ce take kama ni ina cikin wanke-wanke. Har na tambaye shi ko ba laifi ba ne a kai wa mai dutse ragowar raken kasuwa, ya ce ai murna zai yi, tun da aka halicce shi ba wanda ya taɓa kai masa tsaraba. Limunga ban gaya mata ba, ka san bakinta.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci Mola Esuka ya tare ni, ya ce ya ga kamar akwai magana a bakina. Na yi niyyar faɗa masa, Allah ne shaida. Sai kawai na ji kaina ina tambayarsa wa zai ara mana gora mai ƙwari da za a ɗaura wa kujerar. Asabar za mu tashi, kuma na san kafin takardar nan ta iso hannunka mun riga mun hau. In na yi kuskure ka yafe mini. Motar kada ka soke ta, ko da yake ban sani ba ko za ta sami wanda za ta ɗauka.

Ka gaida Nalova da kyau, da Ngale da ƙanwarsa Etonde. Iya Mojoko da Mola Njie suna gaishe ku. Baba ya ce in tambaye ka ko kunnen hagun ya warke. Ya ce kuma zai sha maka rabonka a can, amma kada ka sa rai, ba a saukowa da shi.

Ƙanwarka,
Eposi